Ranar da Na Faɗi Sunan Ɗan Farina a Rediyo

Ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba tsawon rayuwarsa. A wajenmu wannan ba abin ba da labari ba ne. Haka na ga Innata ta yi da yayanmu, ita ma haka ta ga tata uwar ta yi. Mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in kuma aka yabe shi tana wurin sai ta kau da kai ta nemi wani aikin yi. Maƙwabtanmu Fulani sun fi mu tsanani a wannan, amma mu ma ba mu da sauƙi.

Ina yaye shi Inna ta zo daga Bukkuyum ta goya shi ta tafi. A hannunta ya tashi. Ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗi. In zan yi maganarsa sai in ce yaron nan, ko na wajen Inna, kowa kuma ya san wanda nake nufi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Anka da Bukkuyum, sai an ratse daga titi an yi tafiya cikin gonaki. Ni unguwarzoma ce. Na gama firamare, daga baya aka kai mu horo a Anka, aka koya mana wanke hannu da yanke cibiya da sabuwar reza, da gane alamun da ke nuna cewa haihuwa ta fi ƙarfin gida. Gane alamar ba ta da wuya. Samun mota ne ke da wuya. Waya ba ta kamawa a garinmu sai an hau tudun bayan maƙabarta, nan ma sai an yi sa'a.

Yaron nan ya taso da son kwance abubuwa. Da ya zama saurayi ya yi aikin injin niƙan dutsen zinariya a wajen Abare, da shi ya riƙe kansa har ya gama makarantar koyon fasaha. Ya dawo ya kafa rumfar gyaran rediyo da waya a tashar Anka, ya auri wata yarinya daga yankin Gummi, ya gina ɗaki a gidan ubansa. Ranar da ya tare ne na fara ganinsa safe da yamma a tsakar gida ɗaya da ni, yana da gemu, ni kuwa ban san yadda ake zama da shi ba.

A shekarun da yara suka yi ta mutuwa da gubar dalma, waɗanda suka zo kwashe ƙasa mai guba sun bar rediyon oba-oba guda biyu a wani ɗakin ajiya, duk sun lalace. Yaron nan ya nemi izini aka ba shi. Ya gyara su, ya kai ɗaya ɗakin direbobin tashar Anka, waɗanda suka yi alkawarin ɗaukar duk macen da naƙuda ta yi wa tsanani. Ɗayar ya kawo rumfar ƙofar ɗakina, da batir da farantin sola. Bai tambaye ni ba. Ya faɗa wa ubansa, ubansa ya faɗa mini.

Eriyar ba ƙarfe ba ce irin ta talabijin. Waya ce doguwa mai hannu biyu, ɗaya ya ɗaure a darbejiyar ƙofar gida, ɗaya a tsamiyar maƙwabta, daga tsakiya kuma wata baƙar waya mai kauri ta sauko ta shiga rediyon. Kafin ta shiga sai ta bi ta wata 'yar mita mai allura biyu. Ranar da zai daidaita ta yana bukatar wanda zai zauna a ƙasa ya karanta lamba, shi yana saman icce. Ubansa yana gona. Matarsa ba ta yi boko ba. Ya daɗe tsaye a bakin rumfa yana sosa ƙeya, sannan ya ce, "Yaya, zo ki zauna nan."

Na ce, ina kallon tukunya, "Aiki nake."

"Wanga ma aikinki ne. Ba ni ke karɓar haihuwa ba."

Na zo na zauna a gefen tabarma, na ba shi rabin baya. Ya nuna mini abin magana, mai maɗanni a gefe. Ya ce in na danna, ƙarfi yana fita daga batir ya shiga rediyo, daga rediyo ya hau baƙar waya zuwa eriya. Allurar hagu tana nuna ƙarfin da ya tafi. In tsawon eriyar ya yi daidai, iska za ta karɓe shi duka ta kai shi Anka. In bai yi daidai ba, iska za ta karɓi wani ta ƙi wani, wanda aka ƙi kuwa sai ya juyo ta wayar da ya bi ya hau. Allurar dama ita ke nuna wanda ya dawo.

Ban yi niyyar magana ba, amma sai na ji na ce, "In ya dawo sai ya ɓace?"

Ya ce, "Ba ya ɓacewa. Babu ƙarfin da ke ɓacewa, sai dai ya sake kama. In bai zama murya a Anka ba, zai zama zafi a nan." Ya dafa bayan rediyon, inda take da haƙarƙari na ƙarfe. "Nan zai taru. In ya yi yawa za ta rage muryarta da kanta, in ya ƙara yawa ta ɗauke. In aka matsa mata sai ta ƙone."

Na gane abin da yake nufi, don na sha daka a turmin da hatsi ya ƙare a ciki. Taɓarya ba ta samun abin da zai karɓi dukan, sai ka ji shi a wuyan hannu har kafaɗa. Na so in faɗa masa haka. Amma sai na gyara mayafi kawai.

Ya hau darbejiya da filaya a aljihu. Ya gargaɗe ni kada in danna sai ya ce hannunsa ba ya kan waya, don tana ƙona fata. Zai rage tsawon kaɗan, kamar gaɓar yatsa, ya ce in danna, ni kuma in faɗi inda allurar dama ta tsaya. Sai dai akwai iska, ga ganye, ga nisa. Dole in ɗaga murya, dole kuma in fara kiransa kafin ya juyo.

Na ce, "Kai!"

Yaran da suka taru a ƙofar gida duk suka waiwayo, har da wani mai kura da ke wucewa. Shi kuwa ya yi kamar bai ji ba.

"Kai, na saman icce!"

Ya leƙo ta cikin ganye. "Da wa kike, Yaya? Muna da yawa a nan. Ga ni, ga ƙadangare, ga tsuntsaye."

Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu kuma ita ke riƙe mini fitila in ana haihuwa, ta leƙo tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ki kira shi mana, ba cinye ki za ya yi ba." Na ce da ita ta koma ta duba miyarta. Fuskata ta yi zafi kamar na tsaya gaban murhu. Haka muka yi aikin, yana yanka yana ce in danna, ina faɗin lamba ga iska. Allurar dama ta yi ta sauka a hankali, har aka kai inda in na danna ta hagu ta miƙe, ta dama ta ɗan motsa kawai ta kwanta. Ya sauko yana gumi, ya kira Anka, wata murya ta amsa kamar mutumin yana bayan danga. Ya dube ni yana murmushi. Na tashi na shiga ɗaki. Da na dafa masa kunu na ba matarsa ta kai masa.

Rediyon ta yi aiki. Ba zan ƙirga matan da mota ta zo ta ɗauka ba, amma akwai yara a garin nan da ke gudu a yanzu saboda ita. Direbobin suka san muryata, suka sa mini Innar rediyo. Yaron nan ya hana ni doguwar gaisuwa. Ya ce, "Ki faɗi gari, ki faɗi abin da ya faru, ki saki. Gaisuwa sai in sun zo."

Da hanya ta lalace, mutanen daji suka fara tare motoci, aka taɓa yaudarar wani direba da kiran ƙarya daga wani wuri, ya fita bai dawo da motarsa ba. Sai direbobin suka ce ba mai fita sai ya tabbatar da wanda ke kira. Yaron nan ne ya tsara musu yadda za a yi. Ya dawo gida da yamma ya tsaya a bakin rumfa, yana magana da matarsa don in ji.

"An ce daga yau duk wanda ya kira daga nan, in an tambaye shi wa ya kafa rediyon, ya faɗi sunana. In mace ce ta ce ita ce uwata."

Na ce da tukunya, "Matar gida na da baki."

Yarinyar ta rufe fuska da mayafi, don ita ma ba ta kiran sunan mijinta.

Ya ce, "Ni dai na shiga uku. Gida cike da mata, ba wadda ta san sunana. In na ɓata a kasuwa ko cigiya ba mai yi."

Muka yi dariya, ni da baya na yi tawa. Maganar ba ta dame ni ba, don direbobin sun san ni, ba wanda ya taɓa tambayata.

Ciwonsa ya fara da kumburin ƙafa. Daga nan fuska, daga nan ya kasa hawa babur. Likita ya ce ƙoda ce. Wasu suka ce ƙurar da ya shaƙa a injin niƙa ce ta biyo shi, wasu suka ce ba ita ba ce. Ni ban sani ba. Na dafa abin da aka ce ya ci, na wanke abin da aka fito da shi, amma matarsa ce ke shiga da fita. In na shiga duba shi sai in tsaya daga ƙofa in ce, "Ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, Yaya." Ranar da za a kai shi asibiti na riƙe masa buta ya yi alwala. Iyakar kusantar da na yi ke nan.

A rediyon na ji. Da hantsi ne, ina tankaɗe. Wani tsohon direba da ya san mu ya kira, ya yi sallama, sannan ya ce sai haƙuri. Na danna na ce na ji. Allurar hagu ta miƙe, ta dama ta kwanta, kamar kullum.

A zaman makoki Inna aka kewaye. Ita ta raine shi, ita ake wa ta'aziyya, ita ke da izinin kuka. Ni na yi ta kai ruwa da tabarmi. Masu lura sukan riƙe hannuna su ce Allah ya ba da haƙuri, in ce amin, in wuce. An yaba mini. An ce na nuna tarbiyya.

Ya bar matarsa da ciki. Takabarta sai ta haihu za ta ƙare, hanyar garinsu kuma ba ta biyuwa a lokacin, saboda haka ba a kai ta goyon ciki gidan iyayenta ba kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Ta zauna a wajena. Yarinya ce mai shiru. Da yamma takan goge ƙurar rediyon da gefen zanenta.

Farkon damina aka yi iska mai ƙarfi, reshen tsamiya ya karye ya tsinka hannun eriya ɗaya. Maigidana da maƙwabta suka hau suka ɗaure abin da ya rage a wani reshe mafi kusa. Guntun da ya tsinke ba a gan shi ba, sai daga baya na hango shi an ɗaure dangar awaki da shi. Na danna don gwaji. Allurar dama ta tashi ta bi ta hagu, har suka kusa haɗuwa. Na ce da maigida ba daidai take ba. Ya kasa kunne, ya ji muryoyin tasha suna fita tar, ya ce, "Ai ga ta tana magana." Gaskiyarsa ce, saurare ba ya cin ƙarfi, kuma ba ya kawo zafi. Aikawa ce matsalar. Don in bayyana masa sai in maimaita maganar yaron nan kalma bayan kalma, a gane cewa ranar da na ba shi baya duk ina ji, kuma na riƙe. Na ce dai a nemo mai gyara. Aka aika Anka, aka ce zai zo in hanya ta yi sauƙi.

Naƙuda ta kama matar yaron nan wata ranar kasuwa, maigida ya tafi sayar da akuya. Ni da maƙwabciyata ne a kanta. Bayan la'asar ta haifi namiji, ya yi kuka, na yanke cibiya. Sai mabiyiya ta ƙi fita. Na yi abin da aka koya mini, na sa jaririn a nono, na murza mara. Jini ya fara, kuma ba irin wanda ke tsayawa ba ne. Na dubi zanen da ke ƙarƙashinta, na dubi inuwar katanga. Direbobi ba su fita in rana ta kusa faɗuwa, wannan kowa ya sani.

Na bar maƙwabciyata tana danna mata mara, na fita rumfa. Na faɗi sunan gari, na ce jini ne bayan haihuwa, a turo mota.

Muryar da ta amsa ban san ta ba. Hausarsa ta gabas ce, irin ta mutanen da zinariya ta kawo ƙasarmu suka zauna. Tsofaffin direbobin da yawa sun bar layin. Ya ce, "Ina jin ki ƙasa-ƙasa, Hajiya. Wane gari kika ce?" Na maimaita. Ya ce, "To. Wa ya kafa wannan rediyon? Kuma ke wace ce a wajensa?"

Na danna. Na ce, "Mai gyaran rediyo ne na nan tasharku, wanda rumfarsa ke kusa da mai shayi, wanda ya rasu kwanan baya, ɗan gidan nan ne, jikan mutanen Bukkuyum, matarsa ce ma ke kwance, duk direbobi sun san shi, ka tambayi..."

Wata jar fitila ta kama a jikin rediyon. Rediyon ta ɗauke. Na dafa bayanta na janye hannu, kamar murfin tukunya.

Na jiƙa tsumma na matse na shimfiɗa a kanta, na ɗauki mafici ina yi mata fifita. Daga ɗaki maƙwabciyata tana cewa, "Sun taso? Sun taso?" Na ci gaba da fifita. Labari ya riga ya fita, maza sun fara taruwa a bayan danga, ina jin tarin yayan maigidana, dattijon da ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba tun da aka kawo ni gidan.

Da fitilar ta mutu sai na ji mutumin yana ta kira. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ni na sa dokar ba. Kowa zai iya cewa mai rumfa kusa da mai shayi. Suna aka bar mini. Ki faɗa in taso, rana na tafiya."

Sai dabara ta zo mini. Na shiga ɗaki na karɓi maƙwabciyata a danna marar, na ce ta je ta danna abin nan na gefe ta faɗi sunan yaron nan, ta saki. Ta fita tana goge hannu. Ba ta taɓa riƙe abin ba. Ina jin ta ta cikin asabari.

"Salamu alaikum. Ina wuni? Ina gajiya? Ya iyali, ya mutanen Anka? To madalla. Ya muka ji da ruwa? Dama wai cewa anka yi in gaya maka..."

Na yi mata tsawa ta faɗi kawai. Kafin ta juyo ta ce mini "Mi?" rediyon ta sake ɗaukewa.

Ban ga laifinta ba. Ba a fara magana da baƙon namiji ba gaisuwa, haka aka raine ta, kamar yadda aka raine ni da nawa. Ta shigo tana cewa abin ya ƙone ta. Na dubi yarinyar. Leɓenta ya yi fari. Ta buɗe ido ta ce, "Inna, sanyi nake ji." Na lulluɓe ta, na ɗora hannayen maƙwabciyata a inda za ta danna, na ce kada ta ɗaga ko me ta ji.

Wannan karon rediyon ta fi daɗewa kafin ta huce, don zafin farko bai gama fita ba na biyu ya hau kansa. Na yi ta fifita. Wani wari yana fita daga cikinta, kamar na roba a kusa da wuta. Na tuna ya ce in aka matsa mata sai ta ƙone. Na san ba ni da dogon numfashi a wajenta, watakila ma wannan ne na ƙarshe. Inuwar katanga ta haye rabin tsakar gida.

Fitila ta mutu. Na danna, na faɗi sunan.

Gajeren suna ne. Ni da ubansa muka ji liman ya raɗa shi, na sha jin sa a bakin kowa, amma harshena bai san hanyarsa ba. Ya fito a shaƙe.

Mutumin ya ce, "Ban ji ba, Hajiya. Ɗaga murya."

Na sake dannawa, na faɗa da ƙarfi, irin ƙarfin da ake kiran yaro daga gona. Na ce, "Ni ce uwarsa. Ni na haife shi." Na saki.

Bayan danga aka yi tsit. Har tarin dattijon ya tsaya.

Mutumin ya ce, "Shi ne. Allah ya jiƙansa, Inna. Ga ni nan, a fito da ita bakin hanya."

Maza suka shigo da ƙofar langa-langa aka ɗora ta. Ba wanda ya dube ni, ni ma ban dubi kowa ba. Na goya jaririn na bi su ta cikin gonaki. Motar ta iso rana tana kan itatuwa, muka shiga Anka ana kiran magariba. An cire mabiyiya, an ƙara mata jini. Ta rayu. Amma ta daɗe ba ta iya tsayuwa ba jiri, nononta ya yi jinkirin zuwa, har yanzu in ta ɗauki tulu sai ta huta a hanya. Ba wanda ya ce mini kome game da jinkiri. Ba wanda ya san tsawonsa sai ni da maƙwabciyata. Ni na wanke zannuwan da muka bari a ɗaki, kuma ban san wanne a ciki ya jiƙe lokacin da nake kewaye-kewaye ba.

Da muka dawo labari ya gama gari. A bakin rijiya wata ta ce, "Ashe kin san sunan, muna cewa mantuwa kika yi." Wata ta ce an ji ni har Gummi. Suka yi dariya, ba da mugunta ba, amma na daina zuwa rijiya da safe. Yayan maigidana ya daina biyowa ta ƙofar rumfata na wani lokaci, don ya sauƙaƙa mini. Maigida bai taɓa tayar da maganar ba. Guntun wayar dai na ga ya kwance shi daga dangar awaki ya naɗe ya rataye a rumfa.

Inna ta zo suna, an ɗauko ta a babur duk da tsufa. Da mutane suka ragu ta kira ni ɗaki. Ta ce, "An ce kin yi shela."

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Dole ce ta sa, Inna."

Ta daɗe tana murza carbi. Na jira faɗa. Sai ta ce, "Yana ƙarami ya taɓa tambayata ko ba ki san sunansa ba. Na ce kin sani. Ya ce to mi ya sa ba ki faɗi. Na ba shi ƙuli-ƙuli ya fita." Ta gyara zama. "Ni ma ban taɓa faɗin na yayanku ba. Ga shi ya yi furfura." Na tashi na kawo mata ruwa.

An mayar wa jaririn sunan ubansa. Saboda haka uwarsa ba ta iya kiransa da shi, ni ma haka, sai aka sa masa laƙabi kamar yadda ake yi. Jika ne, ba kunya tsakanina da shi. Ina ɗaukarsa a gaban kowa, ina ce masa angona, ina ce masa mummuna mai kan tulu, ina cusa hancina a wuyansa. Goshin ubansa ne da shi. Na san haka ne don na sha kallon wancan goshin ta gefen ido.

Bayan damina mai gyara ya samu zuwa. Ya ƙara guntun wayar, ya hau tsamiya, ya ce in zauna in karanta masa allura. Ya faɗa mini sunansa don in kira shi in zan yi magana. Na yi ta kiransa ba wata wahala, ɗan wani ne. Allurar dama ta sauka ta kwanta. Da ya sauko ya ce wanda ya fara kafa wannan eriyar ya san aikinsa. Na kau da kai na ce bari in duba tukunya.

Dokar tasha tana nan, direbobi kuma suna ta sauyawa. Kwanan baya wata ta kwana biyu tana naƙuda, hannun ɗa ya fara fitowa. Na kira, wani sabo ya amsa, ya yi tambayar. Akwai mata a tsakar gida, har da uwar mijin mai naƙudar. Na danna, na faɗa, na ce ni ce uwarsa, na saki. Kunyar tana nan yadda take, fuskata ta yi zafi har kunnuwa. Ya ce ga shi nan tafe. Na dafa bayan rediyon don in ji, na tarar da ita da sanyinta, na koma ɗaki wajen mai naƙuda.